Yadda ake wanke alƙaluman kasafin baladiyya kafin a zana su

Daren Juma'ar da ta wuce muna gidan Yaya a Makka bayan isha ana shan shayi, sai 'yarta ta jawo laftof ta dire a gabana tace "Kawu dan Allah duba mini wannan abin, sau biyu malam yana dawo mini da shi kuma bai faɗi laifin ba." Aikin jami'a ne, an ce ta ɗauko kasafin kuɗin wata amana, wato babbar hukumar kula da birni a nan Saudiyya, na shekara biyar ta zana shi yadda mai kallo zai gane. Zanen kam masha Allah, kala-kala, har da wani zagaye mai juyawa. Amma ina kallon lambar da ke sama naga kuɗin ya ninka na takardar asali sau biyu cif, ko riyal ɗaya babu ƙari babu ragi. Nace mata "ɗiyata kin tara ijmali da 'ya'yansa a tukunya ɗaya," wato ta haɗa babbar jimla da lambobin da suka haife ta. Ban yi mata dariya ba don ni da nake cin abinci da lissafi a Jidda na taɓa yin wanda ya fi nata muni, zan zo kansa. A hanyar komawa gida nace bari dai in rubuta yadda nake yin aikin nan tun daga farko, don yaranmu da yawa yanzu sun shiga harkar data, kowa Power BI, manhajar zana alƙaluma, yake ambata, amma wanke-wanken da ake yi kafin a kai ga zanen babu mai son zancensa, alhali nan ne aikin yake.

Kafin ka buɗe Excel ma, ka san kuɗin waye kake riƙe da shi. A nan Saudiyya akwai amana akwai baladiyya, kuma ba abu ɗaya ba ne duk da mu a baki komai baladiyya muke ce masa, har motar da ke korar masu talla. Amana ita ce babba, guda 17 ne a ƙasar, irin Amanar Jidda, Amanar Asima Muƙaddasa wato ta Makka, ta Madina, ta Ɗa'if, ta Riyad, kuma ƙarƙashin kowacce akwai baladiyyoyi, dukkansu kuma suna ƙarƙashin ma'aikatar baladiyyoyi da gidaje. A kasafin ƙasa da ma'aikatar kuɗi ke fitarwa ƙarshen kowace shekara, an raba kashe kuɗi gida tara, ɗaya daga ciki shi ne ɓangaren hidimomin baladiyya. A kasafin 2024 an ware masa riyal biliyan 81 cikin biliyan 1,251, a na 2025 kuma biliyan 65 cikin biliyan 1,285. Toh kar ka ɗauki wannan 81 ɗin kace ai kuɗin amanoni ne ka raba shi 17, ɓangaren ya ƙunshi wasu hukumomin raya birane ma waɗanda ba amana ba. Wannan lambar amfaninta shi ne ta zame maka rufi, in lissafinka na amana ɗaya tak ya zo ya fi ta, kasan ka yi ɓarna a wani wuri.

Wuraren samun kayan aikin sanannu ne: bayanin kasafi na ma'aikatar kuɗi da rahotonta na duk wata uku wanda ta fara fitarwa a 2017, dandalin buɗaɗɗun bayanai na ƙasa da ke hannun SDAIA, hukumar data ta ƙasar, sashen bayanat maftuha, wato buɗaɗɗun bayanai, a shafukan amanonin kansu, dandalin I'itimad in kwangiloli kake bi, sai hukumar ƙididdiga don yawan jama'a da farashin kaya. Ka tsaya kan abin da aka wallafa a fili ko wanda aka ba ka izini a rubuce, fayil ɗin maktab, wato ofis, ba na kai wa gida ba ne, wannan ba sai na ja zance ba, duk mai iƙama, wato baƙo mai takardar izinin zama, ya san dalili.

Mataki na farko, kuma wallahi shi ne wanda mutane suka fi rainawa: ka buɗe folda uku. Ɗaya ka sa mata suna asali, ɗaya aiki, ɗaya tsaf. Duk abin da ka sauke ya shiga asali kuma daga nan ba ka sake taɓa shi, ko waƙafi ba ka gyarawa a ciki. Ka kwafa zuwa aiki kayi ta yanka a can. Sannan ka buɗe ɗan fayil na rubutu ka dinga rubuta daga ina ka samo kowane, ranar da ka sauke, shafi na nawa teburin yake. Yau kana ganin za ka tuna, nan da wata biyu in malam ko mudir, wato shugaban ofis, ya nuna wata lamba yace wannan daga ina, kai da kanka za ka tsaya kana sosa ƙeya.

Na biyu, fito da teburin daga inda aka ɗaure shi. In ka yi sa'a Excel ne ko CSV, alhamdulillah. CSV na Larabci kar ka danna shi sau biyu ya buɗe da kansa, sau da yawa zai fito maka da wasu haruffa kamar rubutun aljanu, ka shiga ta Data ka shigo da shi ka zaɓi UTF-8, in bai gyaru ba ka gwada Windows-1256, tsofaffin fayiloli da shi aka ajiye su. In PDF ne, ka fara gwada jan linzami a kan lamba, in ta yi shuɗi to rubutu ne na gaske, Power Query na cikin Excel yana iya zaro teburin, Tabula ma kyauta ce tana yi. In bai yi shuɗi ba hoto ne aka ɗauka, sai dai manhajar karanta hoto ko ka zauna ka buga da hannu, kuma gaskiya in teburin bai wuce layi hamsin ba ni bugawa nake da hannu, ya fi mini sauri a kan bin bayan manhaja ina gyara mata bakwai da takwas na Larabci da take juyawa. Ka kuma lura, PDF na Larabci wani lokaci kalmomin a juye suke fitowa, harafin ƙarshe ya dawo farko, kolum ɗin dama ya koma hagu, shekarar bana ta zauna a gidan bara. Kar ka wuce sai ka ɗauki layi uku ka gwada su da takardar ido da ido.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe, don nan ne na ƙone. Ka karanta kan teburin da ƙasan teburin kafin ka karanta cikinsa. Akwai 'yar ƙaramar kalma da ake maƙalawa a kusurwa, bil alaf ko bil malayin, wato lambobin a dubbai suke ko a miliyoyi. Fayil ɗin bana zai iya zuwa a dubbai, na bara a riyal ɗai-ɗai, kai kuma ka jera su ka zana, sai kaga kamar an rufe baladiyyar a shekara ɗaya. Ka mayar da komai riyal cikakke tun yanzu, in ka zo zane sai ka rage.

Sai kuma sunan kolum. Akwai mu'utamad, abin da aka amince tun farkon shekara. Akwai mu'utamad bayan gyara, don ana yin munaƙala a tsakiyar shekara a ɗebi kuɗi daga wannan bandi, wato layin kasafi, a kai wancan. Akwai munsarif ko fi'ili, abin da aka kashe da gaske. Uku ne daban, kuma labarin da kowanne ke bayarwa daban. Amma mugun cikinsu shi ne na ayyuka, inda za kaga takalif da kuma i'itimad ko suyula. Takalif kuɗin aikin ne gaba ɗayansa, tun daga tona rami har yanke kyalle, ko da shekara biyar zai ci. I'itimad kuwa abin da aka ware a biya a wannan shekarar kaɗai. Shekarun baya ina wani maktab na masu ba da shawara, aka ba ni teburin ayyukan magudanar ruwa na shekara huɗu in taƙaita, kuma kasan mu mutanen Jidda tun ambaliyar Nuwamban 2009 da ta ci rayuka sama da ɗari, in aka ce magudana kowa kunnensa a tsaye yake. Na ɗauki kolum ɗin takalif na tara shi shekara-shekara. A ce aiki ɗaya na miliyan 400 ne, yana fitowa a takardar kowace shekara da miliyan 400 ɗinsa tunda ba a gama ba, ni kuma na tara na samu biliyan ɗaya da miliyan 600. Na zana shi fes, na kai. Wani tsohon muhasibi, wato akanta, ɗan Sudan da ke teburin kusa da ni, har yau ina masa addu'a, ya ɗaga gilashinsa ya kalli takardar bai fi daƙiƙa goma ba yace "ya waladi, da an kashe wannan kuɗin da Jidda ta fi ƙarfin ruwa." Ya ja biro ya zagaye kalmar takalif, ya turo mini. Allah Ya rufa asiri bai kai gaban mudir ba. Tun ranar duk kolum ɗin da ban san ma'anarsa ba, ba na tara shi sai na tambaya.

Na uku, lambobin su zama lambobi. Abin dariya ne amma rabin mushkilar nan take. Lambobin Larabci irin ١٢٣ da aka kwafo daga PDF, Excel kan ɗauke su a matsayin rubutu, kana ganinsu lamba shi yana ganinsu kamar sunan mutum, in kace ya tara sai ya ba ka sifili ko ya tsallake su shiru bai gaya maka ba, wannan tsallakewar ta fi sifilin haɗari. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne, in zaɓi kolum ɗin duka in kalli ƙasan allo, in naga adadin gidaje kawai babu jimla to rubutu ne. Ko ka sa ISNUMBER a gefe ka ja shi ƙasa ka tace waɗanda suka ce ƙarya. Kar ka dogara da cewa lamba tana jingina dama rubutu yana jingina hagu, a shafin da aka juya shi salon Larabci wannan dabarar ruɗa ka za ta yi. Gyaran shi ne ka musanya su ɗaya bayan ɗaya, sifili zuwa tara, da SUBSTITUTE ko a cikin Power Query, sau ɗaya za ka sha wahalar, gobe in sabon fayil ya zo matakan suna nan ajiye. Kar ka manta da waƙafin dubbai na Larabci da alamar ɗigon goma tasu, kamanninsu ɗaya da waƙafin boko amma ba shi ba ne, na dubbai ka share shi, na goma ka mayar da shi ɗigo. Masu Python ku kun huta kaɗan, int yana gane lambobin Larabci da kansa, waƙafin ne dai sai kun cire.

Akwai kuma ɓoyayyun baƙi, haruffan da ido ba ya gani. Wanda ya fi damuna shi ne alamar da ke nuna rubutu ya tafi daga dama zuwa hagu, lambarta 8207, da 'yar uwarta 8206, sai tazarar nan mai taurin kai mai lamba 160 wadda TRIM ba ya iya cirewa. Ka sa SUBSTITUTE da UNICHAR ka kore su. Lambar da ke cikin baka biyu kuma a wurin masu lissafi ragi ce, ka sa mata alamar ragi. Gidan da aka sa ɗan layi ko aka bar shi fayau, kar kayi saurin cika shi da sifili. Sifili yana nufin ba a ware komai ba, fayau yana nufin ba a rubuta ba, in ka haɗa su matsakaicin lissafinka zai faɗi ba gaira ba dalili.

Lambar bandi kuwa akasin haka, ita so ake ta zauna a rubutu. In ka bar Excel da lamba mai sifili a gaba zai cinye sifilin, in kuma ya ga abu kamar 3-1 sai ya mayar maka da shi kwanan wata, kana neman bandi ka tarar da watan Maris. Tun wurin shigo da fayil ɗin kace masa wannan kolum rubutu ne.

Na huɗu, sunaye. Ga misali na kusa, kalmar amana kanta, wani ma'aikaci zai rubuta ta da hamza a kan alif wani ba hamza, wani ya ƙare ta da ta marbuɗa wani da ha, wani kuma ya ja kalmar da tatwil don ta cika layi tayi kyau. Kai duk amana kake karantawa, kwamfuta kuwa abu biyar take gani, in kayi pivot, wato teburin Excel da ke tara kuɗi suna-suna, sai kaga Jidda ta fito sau uku kowacce da nata kuɗin. Ka buɗe sabon kolum na suna mai tsafta, ka mayar da duk alif mai hamza alif zalla, ka daidaita ya da alif maƙsura, ka share tatwil, amma ka bar kolum ɗin asali yadda yake a gefe. In sunayen sun yi yawa OpenRefine tana da wurin da take tara masu kama da juna ta tambaye ka ko abu ɗaya ne, tana da daɗin aiki sosai, sai dai kar ka danna amincewa ido rufe, baladiyyar arewa da baladiyyar kudu harafi kaɗan ya raba su. Daga nan kayi ɗan tebur daban, ƙamus nake ce masa, kowane suna na Larabci da fassararsa ta Hausa ko ta duk harshen da za ka yi zanen da shi, sau ɗaya, don kar yau ka rubuta tsaftar gari gobe ka rubuta kwashe shara a kan bandi ɗaya.

Na biyar, siffar teburin, kuma nan ne ɗiyar tawa ta faɗi. Teburin gwamnati an yi shi ne don idon mutum, shi yasa za kaga an haɗe gidaje, an sa babban take a tsakiya, kowace shekara da kolum ɗinta, bayan kowane rukuni an sa majmu'u wato jimlar rukunin, a can ƙasa kuma ijmali. Kwamfuta ba haka take so ba. So take kowane layi ya zama magana ɗaya cikakkiya: shekara kaza, amana kaza, baladiyya kaza, lambar bandi, sunan bandi, nau'in kuɗi wato mu'utamad ne ko munsarif, sai adadi, sai inda aka samo. Kolum takwas kenan, kuma ni da su nake aiki kusan kullum. Ka warware gidajen da aka haɗe, ka cika na ƙasa da sunan da ke samansu, Power Query yana da Fill Down na wannan. Sannan ka zaɓi kolum ɗin shekarun ka danna Unpivot, za su sauko su zama layuka, tebur mai faɗi ya koma dogo. Kar tsawon ya ba ka tsoro, Excel na ɗaukar layi sama da miliyan ɗaya.

Layukan majmu'u da ijmali kuma ka fitar da su daga cikin teburin, amma kar ka zubar, ka kai su wani shafi ka ajiye, yanzun nan za mu neme su. Ka kula da jimlar da ba ta faɗi sunanta ba. A tsarin da ake bi yanzu na asusun lamuni na duniya, wanda ake kira GFS 2014, lamba 21 ita ce albashi da haƙƙoƙin ma'aikata, 22 kaya da hidimomi, 25 tallafi, 28 sauran kashe-kashe, 31 kuma kadarori wato ayyukan gini da makamantansu. Toh 21 uwa ce, 211 'yarta ce, masu lamba huɗu da biyar jikoki ne, kuma duk za ka same su a jere a kolum ɗaya babu wanda aka rubuta wa jimla a goshi. In ka tara su duka ka tara kuɗi ɗaya sau uku ko huɗu. Ka ƙara kolum da zai ƙirga tsawon lambar da LEN, sai ka zaɓi mataki ɗaya kayi aiki da shi.

Wannan ya kawo mu kan haɗa shekaru, wanda shi ma yana da tarkonsa. Takardun kafin 2016 da babi huɗu za ka same su, babi na ɗaya albashi, na biyu kuɗin gudanarwa, na uku kwangilolin aiki da gyara, na huɗu ayyuka. Sababbi kuma da lambobin can na sama. Ba sa hawa kan juna daidai, don haka ko dai kayi teburin da ke cewa wannan tsohon bandi ya koma wancan sabo, bandi-bandi, ko ka yanke zanen gida biyu ka rubuta a jiki cewa daga nan tsari ya canza. Ni na fi son yankewar, ta fi gaskiya. Shekarar kuɗi kuma za kaga an rubuta 1445/1446, kar kace shekara biyu ce, ita ce 2024, shekarar kuɗin gwamnati da rana take tafiya ba da wata ba, shi yasa take taka shekarun hijira biyu. Ka yi kolum ɗin miladiyya ka dinga jerawa da shi, na hijira ya zauna a gefe don mai son dubawa. In kuma bayanan wata-wata ne na da, ka tuna albashin ma'aikatan gwamnati da watan hijira ake biyansa har zuwa ƙarshen 2016, kuma shekarar hijira ta gaza ta miladiyya da kusan kwana 11. Sai harajin ƙarin ƙima wato VAT, ya shigo da kashi 5 a Janairun 2018, ya koma kashi 15 a Yulin 2020. Kwangilar shara ta miliyan 100 za ta bayyana 105 sannan 115 alhali ko tsintsiya ɗaya ba a ƙara ba, don haka ka duba ko lambobin naka da haraji a ciki ko babu kafin kace kuɗin tsafta ya tashi.

Na shida shi ne alƙali. Ɗauko jimlolin nan da ka ajiye. Yi pivot a kan teburinka mai tsafta, shekara-shekara, rukuni-rukuni, ka jera abin da ka samu kusa da abin da takarda ta buga, kolum na uku ya zama bambanci. So ake ya zama sifili daga sama har ƙasa. In ba sifili ba, bambancin kansa yakan tona asirin ɓarawon. In lissafinka ya ninka na takarda biyu cif, ijmali ya saje cikin layuka. In sau dubu ne, bil alaf ce ta cije ka. In bambancin yayi daidai da wata lamba da ke cikin teburin, layin nan ne ya ɓace ko ya maimaitu ko yana nan a matsayin rubutu, ka kwafi bambancin ka neme shi da Ctrl+F. In ya ninka wata lamba sau biyu, alamar ragi ce ta faɗi. In kuma da hannu ka buga kuma bambancin yana rabuwa da tara ba saura, tsohuwar dabarar masu lissafi ce, ka juya lambobi biyu ne, ka rubuta 54 a maimakon 45. Ɗan bambancin ɗaya ko biyu a teburin da aka rubuta da miliyoyi ko biliyoyi ba komai ba ne, zagaye lambobi aka yi, ko a teburin ɓangarori tara na kasafin ƙasa in ka tara da kanka za ka iya ganin biliyan ɗaya ta yi sama ko ƙasa. Ka rubuta shi a fayil ɗin bayananka ka wuce. Amma kar ka taɓa cusa wani layi na ƙarya don lissafi ya daidaita, na ga masu yi, suna sa masa suna "sauransu".

Sai bayan alƙali ya sallame ka za ka ƙara kolum na nazari. Kaso cikin ɗari na kowane bandi, yawan abin da aka kashe a kan abin da aka ware, canji daga bara zuwa bana. In shekarun sun yi nisa da juna ka daidaita da ma'aunin farashin kaya na hukumar ƙididdiga. In da wata ƙasa za ka gwada, riyal 3.75 ne dala ɗaya tun 1986, wannan ya sauƙaƙa mana, ba kamar mai fama da naira ko fam ɗin Sudan ba da sai ya nemo canjin kowace shekara. Rabawa da yawan jama'a kuma yana da kyau don Riyad da Baha ba sa gwaduwa haka nan, amma a yi hattara. Ƙidayar 2022 ta ba da mutum miliyan 32.2, kusan miliyan 13.4 ba 'yan ƙasa ba ne, teburin yana zuwa da kolum na 'yan ƙasa da na baƙi, ka ɗauki jimlar duka, kwandon shara ba ya tambayar iƙama. Ka tabbata iyakar da aka ƙirga mutanen ita ce iyakar da kuɗin ya shafa, birni daban muhafaza wato lardin da ke kewaye da shi daban, abin da amana ke kula da shi kuma yakan wuce birnin da take ɗauke da sunansa. Makka kuwa nata daban ne, a hajjin 2024 kaɗai alhazai sun haura miliyan 1.8, ban da masu umra duk shekara, in ka raba kuɗin tsaftarta da mazauna kawai sai kace ai an fi kashe wa ɗan Makka kuɗi, alhali sharar duniya yake kwashewa. Ka rubuta wannan a ƙarƙashin zanen.

Zanen kansa ba zan daɗe a kai ba, in teburin ya yi tsaf Excel ma ya isa, Power BI ko Datawrapper ƙari ne. Gwada bandi da bandi, sanduna a kwance, babba a sama ƙarami a ƙasa, kuma su fara daga sifili. Tafiyar shekaru, layi. Mu'utamad da munsarif, sanduna biyu kafaɗa da kafaɗa. Zagayen nan mai kama da faranti in yankan ya wuce biyar ka haƙura da shi, mai juyawa kuwa ko kyauta aka ba ka kar ka karɓa. Lambobi ka rage su zuwa miliyan, ba mai karanta sifili tara a jawwal, wato wayar hannu. Take ya faɗi abin da ka gano ba sunan tebur kawai ba, a ƙasa kuma ka sa inda ka samo, shekarar, da ko mu'utamad ne ko munsarif. In da Hausa za ka rubuta ka duba ƙ da ɗ da ɓ sun fito, wasu salon haruffan akwati suke mayar da su, in kuma da Larabci ne ka yanke shawara shekaru daga dama za su fara ko daga hagu ka tsaya a kai a duk zanukan, don layin da ke hawa in an karanta shi ta ɗaya gefen sauka yake.

Ita dai ɗiyar tawa a daren muka cire layukan ijmali guda shida, bambanci ya dawo sifili wajen ƙarfe ɗaya saura. Farantin mai juyawa ne ta ƙi rabuwa da shi, tace "Kawu shi fa ƙawayena suka fi yabawa," Yaya kuma daga kicin tana cewa in bar yarinya da abinta in zo in ɗauki sauran masa in tafi kafin hanyar Jidda ta cika da manyan motoci.